Kwanon da Aka Ware Mini a Tsafe

Duk wanda ya ce muku Inna Ige ce ta jawo wa matan Furfuri asarar injin markaɗe, bai san abin da ya faru ba. Haka ake faɗa a Furfuri, haka ake faɗa a Bungudu, har nan Gusau maganar ta iso: wai tsohuwa ta yi zuciya ana tsakiyar bita, ta ɗauki akushinta ta kama hanya. Tafiyar kam ta yi, a kan idona ma. Amma ba wanda ya tambayi wa ya tashe ta. Ku kuma, ƙawayena, tun da na dawo kun hana ni sakat. Yaya Tsafe, me aka ba ku kuka ci, da gaske ne an ɗaure muku ido. Mako uku ke nan ina ba ku amsar da ba kai ba gindi. To ga shi na rubuta sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna, kada wadda ta sake tambayata.

Inna Ige ƙanwar kakata ce ta wajen uwa. Ita ce shugabar matan da ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Furfuri, kuma ita ta tara su tun ba a san ana ba ƙungiya komai ba. Wata hukuma mai tallafa wa matan karkara ta ce za ta ba da inji guda ɗaya, amma sai ƙungiyoyi uku sun je bitar kwana biyar a Tsafe: ta Furfuri, ta Karakkai, da wata daga ƙauyukan Tsafe ɗin. Ba wadda ta fi matse mai za a ba ba, sai wadda aka ga za ta iya riƙe inji ba ta watse ba. Sharaɗi ɗaya suka yi ta nanatawa: kowace ƙungiya ta zo da mutum shida, ta kuma kai ranar ƙarshe da mutum shidan nan. Ana son mai rubutu a cikinsu. Inna ce da kanta ta aiko wa mahaifiyata, Hassi, cewa a ba ta aron ɗiyarta, tunda ta gama sakandare tana zaune. Na ji daɗi ƙwarai. A raina na ce zan je in nuna wa matan ƙauye yadda ake tsara abu.

Ranar Lahadi na tashi. Kun san halin da ake ciki na man fetur. Awa biyu na yi a tasha kafin motar Bungudu ta cika, direban kuma ya tsaya sau biyu wurin 'yan bumburutu yana ɗura galan ɗai-ɗai kamar mai ba jariri magani. A Bungudu aka yi mana shatar wata tsohuwar fijo, muka shiga Furfuri muka iske matan a bakin hanya da kaya kamar masu ƙaura. Inna na riƙe da wani ƙaton baƙin akushi, ga muciyarta ta matsar mai da ta yi santsi don daɗewa. Na ce mata ai za a ba da abinci a can, kayan aiki ma an tanada. Ta ce ta ji. Ta shiga mota ta ɗora akushin a cinya.

Muka sake ratsa Gusau muka ɗauki hanyar Tsafe. Bayan mun wuce Kwatarkwashi muka iske shinge, katako da ƙusoshi. Mai shingen ya ce a sauke buhun gyaɗar da ke saman mota ya gani. Na fito na fara zuba masa Turanci ina kaɗa masa takardar gayyata. Mutumin nan ya koma gindin bishiya ya zauna, ya ce in na ƙare laccar in gaya masa. Rabin awa muna cikin rana. Sai Inna ta fito a hankali ta je ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa da mutanen garinsu, ta kwance ƙullin hoce, gasasshiyar wainar dawan nan, ta ba shi guda biyu. Kafin in rufe baki ya janye katakon yana yi mana fatan sauka lafiya. Ladidi, wadda ita ce ƙaramar cikinsu kuma bakinta ba ya hutawa, ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Malama, Turancin nan naki nawa ne mudu?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

A wata makarantar firamare aka sauke mu, yara suna hutu. Kowace ƙungiya aji ɗaya. Muka ture bencuna gefe muka shimfiɗa tabarmi. Ruwa sai an ja a rijiya, zafi kuma ba a magana, don duwatsun garin suna shan rana su huro maka ita. Da yamma aka kawo shinkafa da miya a farantan roba, kowa nasa, kowa da cokali. Matan suka tsaya suna kallon farantan kamar an kawo musu sammaci. Inna ta jawo akushinta ta juye duka shidan a ciki. Muka wanke hannu muka kewaye shi, har da ni. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Mai koyar da mu Madam Rifkatu ce, 'yar Filato, Kirista, doguwar mace mai Hausa garau. Al'adunta na bita duk baƙi ne a wurinmu. Ba ta zama a kujera, tabarma take hawa tare da mu. Zama kuma da'ira, ba gaba ba baya. A gida babba ne ke buɗe magana, yaro ya jira har a tashi bai ce uffan ba. A nan wata ƙwallon tsumma take jefawa, duk wadda ta cafe sai ta yi magana, ko jikar wani ce. Wata tsohuwa 'yar Karakkai da ƙwallon ta nufo ta sai ta kauce, ta ce ita ba ta zo wasan yara ba. In mutum ya faɗi abin kirki kuma a tafa masa sau uku. Matanmu tafin farko a cikin mayafi suka yi shi.

Ranar Litinin ta zana layi huɗu a allo, ta ce duk ƙungiyar da ta ga ta daɗe, ta waɗannan matakan ta bi. Na farko kallon-kallo, kowa na ladabi yana auna ɗan'uwansa. Na biyu rigima, inda abin da ke cikin kowa zai fito. Na uku shiri, inda mutane ke kafa wa kansu ƙa'idar zama. Na huɗu aiki, lokacin da kowa ya san wurinsa ba sai an faɗa masa ba. Ta ce aikinta a kwana biyar ɗin nan shi ne ta raka mu mu wuce na biyun muna tare, don a nan yawancin ƙungiyoyi ke mutuwa, kuma ba a tsallake shi. Na kwafe duka a littafina da jan biro. Amma a raina na ce rigima ta marasa tsari ce. Mu za mu tsallake, kuma ni zan tsallakar da su.

Ranar Talata aka ba kowace ƙungiya aiki: in an ba ku injin, ina za ku girke shi, kuma wa zai kula da shi a wace rana. Ba a yi minti biyar ba ajin 'yan Karakkai ya kaure. Muna jin su ta bango, wannan na cewa ba za a kai inji gidan kishin kowa ba, waccan na tono maganar wani biki da aka yi shekara uku ba a gayyace ta ba. Har kuka wata ta yi. Madam na can zaune a cikinsu tana jefa ƙwallonta. Na ce a raina, waɗannan sun fita layi.

Ni kuwa cikin minti goma na gama. Na ja layi da rula, na sa inji a bakin titi inda kowa zai gani, na raba ranaku, kowace rana mutum biyu, yadda sunayen suka zo a takarda. Ladidi da wata mai suna Ta-Annabi suka faɗo rana ɗaya. Da na karanta musu sai duk suka dubi Inna. Inna ta gyara zama ta ce, "Malama, da dai..." Ban bar ta ta ƙarasa ba. Na ce mata lokaci ake ba mu, kuma abin da aka riga aka rubuta ba a tsayawa jan shi. Ta dube ni ta ce to. Sauran ma suka ce to. Na rubuta a ƙasa cewa kowa ya amince.

Da aka kawo abincin rana sai na ga an juye biyar a akushi, nawa an bar shi a farantinsa, an rufe da faifai, an ɗora cokali a kai, an ajiye mini a kan benci kusa da littafina. Wallahi daɗi na ji. Na ce yanzu sun gane wace ce sakatariya. Na zauna a benci ina ci da cokali, su suna can ƙuryar aji sun haɗa kai a kan akushi suna magana ƙasa-ƙasa. Sun daɗe ƙwarai a kan cin abincin nan, har na tsawata musu cewa an kusa komawa. Madam ta leƙo ta gan ni, ta tambaye ni tun yaushe nake ci ni kaɗai. Na ce yau aka fara, girmamawa ce irin ta mutanenmu. Ta ɗan tsaya tana kallona, ta ce in gwada komawa cikinsu da yamma. Na ce mata ba komai, na fi sakewa a haka.

Ɗaure idon da kuke tambaya ranar Laraba aka yi shi. Mutum biyu-biyu, a ɗaure wa ɗaya ido da ɗankwali, ɗayar ta ja ta su zaga filin makaranta, wai a koyi yarda da juna. Kafin in juya kowa ta kama abokiyarta, sai ni da Inna muka rage. Aka ɗaure mata ido ta miƙo mini hannu. Ni hankalina na kan mu riga kowa dawowa, ko da yake ba wanda ya ce tsere ne. Na ja ta da sauri, ban gaya mata akwai benci a gaba ba, ta buga ƙaurinta har ya fashe. Da aka kwance mata ido ta dubi jinin ta ce ba komai, tsautsayi ne. Ladidi ce ta yaga bakin zanenta ta ɗaure mata. Ni abin da na ce shi ne da ta ɗaga ƙafa.

Ranar Alhamis kowace ƙungiya ta fito gaban jama'a ta yi bayanin tsarinta. 'Yan Karakkai da na raina suka fito muryoyinsu a dishe, amma duk wadda aka jefa wa ƙwallo sai ta faɗi tsarin daga kai har ƙafa. Da aka zo kanmu na miƙe na karanta takardata, na ƙara da cewa mu matan Furfuri Allah ya taimake mu, ba mu yi mataki na biyu ba, daga na ɗaya muka faɗa na huɗu. Ina jiran tafi uku. Madam ba ta tafa ba. Ta jefa wa Inna ƙwallon, ta ce a matsayinta na shugaba ta faɗa da bakinta ina za a girke inji.

Inna ta juya ƙwallon a hannu ta ce, "Yana ga takarda. Malama ta sani."

Wasu suka yi dariya. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, don gani nake ta kunyata ni gaban ƙungiyoyi uku. Ga abin da na faɗa, kuma ban rage ko kalma ba: "Madam, ki bar ta. Tsufa ne da rashin karatu, ba abin da ta gane tun da muka zo. Ni zan yi bayani."

Ba wanda ya sake dariya. Tsohuwar Karakkai mai kauce wa ƙwallo ta ja mayafi ta rufe baki. Inna ta ajiye ƙwallon a tabarma a hankali, ta zauna har aka tashi. Bayan azahar ta naɗe tabarmarta ta ɗauki akushi. Muciyar ta miƙa wa Ladidi, ta ce su matse man gobe da ita. Ta taga na hange ta tana ɗingishi ta nufi tasha. Na san sharaɗin mutum shida, ni na rubuta shi a shafin farko. Taku ashirin ne tsakanina da ita. Ban tashi ba. Na ce za ta huce ta dawo, kuma in na bi ta kamar na amsa laifi ne. Madam ta bi ta har tasha, ta dawo ita kaɗai.

Ranar Juma'a aka ba kowace ƙungiya gyaɗa ta matse mai, aikin ƙarshe. Na fito da takardata zan raba aiki, na ga ba mai kallona. Wannan ta hura wuta, waccan ta hau suya, Ladidi ta kama muciya, Ta-Annabi na tsaye a kanta tana tsiyaya mata ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ba wadda ta ce wa wata yi kaza. Man ya fito tas, ya fi na kowa. Na tsaya riƙe da biro kamar mai gadi. Amma mu biyar ne. Aka ba Karakkai inji.

A bakin rijiya, muna wanke tukwane da la'asar, na ce wa Ladidi da Inna ta yi haƙuri da yanzu injin namu ne. Ta ajiye tukunyar. Wannan karon ba wasa a bakinta.

"Malama, a garinmu wa ake zuba wa abinci daban?"

Na ce baƙo.

"To. Ranar da muka zo ke ɗiyarmu ce. Ranar Talata kika zama baƙuwa."

Sai ta warware mini komai. Ashe rigimar da nake taƙama mun tsallake, an yi ta, a kan akushi aka yi ta, kwana biyu cur, ina kan benci ina lasar cokali. Bakin titin da na zaɓa, yawancin matan ƙungiyar ba sa fita can da rana, sai dai injin ya koma hannun maza. Gidan su Ladidi da gidan su Ta-Annabi kuma shekara biyu ba sa shiga wa juna saboda iyakar gona, ni kuwa na haɗa su rana ɗaya da rula. A kan abincin nan suka faɗa wa juna abin da ke ransu, Inna na tsakiya, har suka shirya. Suka yanke a girke inji a tsohon zauren bayan gidan Inna, mai ƙofa biyu, kowace unguwa ta shigo ta lungunta. Shawarar zauren nan ce Inna take son kawowa tun ranar Talata da ta ce "da dai". Na ce to don me ba ta faɗa ba da Madam ta tambaye ta, ai da mun ci. Ladidi ta ce in ta faɗa, ta ƙaryata ni gaban mutane ke nan, ni da na gama karanta wani tsari daban. Ta zaɓi a ɗauke ta marar sani da a ɗauke ni maƙaryaciya. Ni kuma na tabbatar wa jama'a cewa marar sanin ce.

Da na je sallama da Madam na yi tsammanin faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce ita ma da laifinta, ta ga farantin nan ranar Talata ta bar shi ya wuce. Ta ce ƙungiyar Furfuri ta bi matakan nan huɗu a gabanta sarai, mutum ɗaya ce kawai ta tsaya a na farko. Ba ta faɗi suna ba.

Hanyar dawowa ba abin ba da labari. Taya ta yi faci kusa da Gusau, muka zauna gindin wata tsamiya muna jiran a gyara. Ta-Annabi ta sayi fura ta dama a kwano ɗaya, ta zuba mini tawa a kofi.

Da muka isa Furfuri mutane na bakin hanya, labari ya riga mu. Babban ɗan Inna na ta faɗa, wai ta zubar musu da mutunci, ta sa 'yan Karakkai za su yi musu dariya har kaka. Wata mata ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, wai na wahala a banza saboda zuciyar tsohuwa. Na dubi su Ladidi, duk sun sunkuyar da kai. Daga baya na ji Inna ce ta hana su faɗa, ta ce ɗiyar Hassi budurwa ce, kada a ɓata mata suna a garin uwarta. Inna ba ta fito ba. Gidanta ga shi ana hango zaurensa. Na ce wa matar ba komai, na koma cikin mota.

Haka na yi mako uku. Mahaifiyata ta ce Inna dama tun suna yara akwai zuciya, ban gyara mata ba. Ku kuka tambaye ni, na ba ku labarin duwatsu da shinkafa. Shekaranjiya aka aiko cewa ranar Alhamis matan za su taru su sauke Inna su naɗa wata, wasu ma sunana suke kawowa, wai a ba mai ilimi.

To ga abin da zan yi. Gobe zan zaunar da mahaifiyata in gaya mata, ta yi mini faɗan da ya kamata a yi mini tun a Tsafe. Ranar Alhamis zan shiga motar farko. A taron zan miƙe in maimaita kalmomin nan da na faɗa, da bakina, ba daga takarda ba, in gaya musu zancen zaure mai ƙofa biyu da wadda ta kawo shi. Littafin kuma in ajiye musu, su ba wadda suka ga dama. Amma kafin taron, gidan Inna zan fara sauka, daidai lokacin abincin rana. Zan wanke hannu in zauna a ƙasa kusa da akushin. In an zubo mini nawa daban, ba zan taɓa shi ba. Zan zauna a wurin har sai ta ce in sa hannu.